Tsakiyar gari ko gefen gari: ina ya fi daɗin zama?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗin hayar ɗaki biyun da kake ciki a tsakiyar gari zai kama maka gida sukutum a wata sabuwar unguwa can gefen birni, kana so ka ji yadda zaman can yake kafin ka kwashi iyali. Tun daga farko zan gaya maka inda na karkata: ka fara lissafa hanya kafin ka lissafa ɗakuna.

Wajen fili babu gardama, gefen gari ya yi gaba. Ƙasa tana araha ne gwargwadon nisanta da wuraren aiki da kasuwanni. Yara za su samu wurin guje-guje, akwai inda za a shanya wanki, kuma ba za ka riƙa jin tarin maƙwabci ta bango ba. Barci ma ya fi daɗi. Kwalta da siminti suna shan zafin rana su riƙa fitar da shi bayan faɗuwarta, shi ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce daren cikin birni kan fi na kewayensa zafi da kamar digiri 1 zuwa 3.

Amma arahar nan da lokacinka za ka biya ta. Mai zama a cikin gari zai iya karyawa da 'ya'yansa ya kuma isa wurin aiki a kan kari. Na gefen gari kuwa duhu-duhu yake fita. Da safe yana da ɗan gata, tunda motar haya daga wajensu take tasowa, zai samu wurin zama. Da yamma ake yin ta: layi ya yi tsawo, mota ta zo a cike, kowa hanya ɗaya ya nufa. Dare na yi motocin su ja baya, domin babu direban da ke son ya kai mutane ƙarshen hanya ya dawo wayam. Magidanta da yawa suna barin yara suna barci su dawo su tarar da su suna barci, sai ƙarshen mako ake ganin juna ido da ido. Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin.

Yi lissafin da kanka. In tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, kwana 5 a mako, awa 15 ke nan, kusan aikin yini biyu da babu mai biyanka. A 1994 wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya nuna cewa tun zamanin tafiyar ƙafa har zuwa na mota, abin da mutane suka saba kashewa a zirga-zirga kusan awa ɗaya ne a yini. A 2008 kuma masana tattalin arziki biyu daga Suwizalan, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun bi bayanan ma'aikatan Jamus suka gano cewa masu doguwar hanya sun fi ƙarancin jin daɗin rayuwa, kuma arahar gida ko ƙarin albashi bai cike musu giɓin ba.

Kuɗin ma kada ka duba haya ita kaɗai. Haɗa ta da kuɗin mota na kowa a gidan, naka da na maiɗakinka da na 'yan makaranta. Wani ma'auni da ake amfani da shi a Amurka ya ce gida da sufuri a haɗe kada su wuce kashi 45 cikin 100 na abin da kake samu. Sau da yawa abin da ka rage a hannun mai gida, hanya ce take karɓewa.

Sai waɗanda za ka bari a gida, waɗanda ba a cika sa su a lissafi ba. A cikin gari asibiti, kantin magani da makaranta duk tafiyar ƙafa ne. A sabuwar unguwa gidaje ne suke fara zuwa, sannan titi, famfo da asibiti su biyo baya a hankali, saboda jan bututu da waya zuwa gidajen da ke warwatse yana da tsada. Ka tambayi kanka: in zazzaɓi ya rufe yaro ƙarfe biyu na dare, ko naƙuda ta tashi kana wurin aiki, wa zai kai su, kuma da me? Tsoho da matar da ba ta da abin hawa su ne kaɗaici ya fi ci, don da rana unguwar tsit take, kuma 'yan'uwan da ke leƙo ku kullum za su koma sai da dalili. Sai dai in faɗi gaskiya, maƙwabtakar can tana da nata daɗin. Kowa baƙo ne, matsalar kuma ɗaya ce, sai ka ga an haɗa kai ana cike ramin hanya, ana sa fitila a layi, mai mota yana rage wa na ƙasa hanya.

A ganina, in aikinka na kullum ne a tsakiyar gari kuma tafiyar ta haura awa ɗaya, ka haƙura da ɗaki biyun nan tukuna. In sana'arka a gida kake yi, ko wurin aikin yana ɓangaren da unguwar take, to ka tafi, yaranka za su ji daɗi. Kafin ka biya ko sisi, ka je unguwar ranar aiki, ba ranar hutu ba. Bi hanyar da sassafe da kuma lokacin tashi daga aiki, koma bayan an yi ruwan sama ka ga halin titin, ka tambayi mazauna wurin ƙarfe nawa motar ƙarshe take wucewa. In ka yanke shawarar tafiya, fara da hayar shekara ɗaya kafin ka yi maganar saye.