Layi ɗaya na pip --version ya warware mini matsalar yini guda

Yini guda cur na ɓata a kan ɗan rubutun Python da nake haɗa rahoton kayan shago da shi duk ƙarshen wata. Na girka ƙunshin openpyxl domin karanta fayilolin Excel, pip, wato kayan aikin da ake girka ƙarin ƙunshin Python da shi, ya nuna cewa ya shiga lafiya, amma da na kunna rubutun sai ya tsaya cak da ModuleNotFoundError, wai bai ga ƙunshin ba. Na cire na sake girkawa har sau uku, data tana ta ƙonewa a banza. Na buga python3 --version, aka ce mini 3.11 ce, ni kuwa na gamsu, na koma ina zargin rubutuna.

Sai bayan la'asar na buga pip --version, ba don komai ba sai don in ga ko ya tsufa. A layi ɗaya ya ba ni lambar sigarsa, da babban fayil ɗin da yake zaune a ciki, sannan can ƙarshe ya rubuta python 3.8. Ashe tafinta biyu ne a kwamfutar, wato manhajar da ke karanta rubutun Python ta gudanar da shi: 3.8 da ta zo tare da babbar manhajar kwamfutar, Ubuntu 20.04, da 3.11 da na girka da hannuna na manta. Ta 3.8 ke karɓar kayan da pip ya girka, ta 3.11 ke gudanar da aiki, ba su san da juna ba. Da na buga python3 -m pip install openpyxl, wanda ke sa tafintan da ke gudanar da rubutun ya girka ƙunshin da kansa, ko minti ɗaya ba a yi ba komai ya daidaita. Duk wanda ya yi tunanin a liƙa sigar tafinta a wannan layi, na jinjina masa, domin ya san abin da mai tambaya yake nema a zahiri.

Wannan ne ya tuna mini da haushin wata manhaja da muke kunna rubuce-rubuce da ita a wurin aiki, wadda idan ka tambaye ta siga sai ta faɗi lambar kanta kawai ta yi gum, kamar ita kaɗai ce a gidan.

Duk da haka, da hankalina ya kwanta na sake duba layin, sai na ga bai kai yadda na fara yabonsa ba. Lamba biyu kawai yake nunawa, 3.8, ba ya kawo ta ukun, kuma adireshin da ya bayar na mazaunin pip ne, ba na tafintan kansa ba. Shi ma python3 -VV, wanda aka ƙara tun siga ta 3.6, yana faɗin ranar da aka haɗa tafintan da abin da aka haɗa shi da shi, amma ba ya faɗin inda yake. Dole ta sa na ƙara wa rubutuna zaɓinsa na kansa mai suna --siga, wanda ke fito da sys.version (cikakkiyar sigar tafinta) da sys.executable (inda tafintan yake) tare, kuma shi nake fara bugawa a duk kwamfutar da na kai rubutun.