Kafin ka sayi famfon sola na lambu, fara auna rijiyarka a watan Afrilu

Lambuna na albasa yana bakin mayo, wato kogi, mai suna Mayo Tsanaga, can bayan Marwa a arewacin Kamaru, inda babu turken lantarki ko ɗaya. Shekaru da dama da injin fetur nake ban-ruwa, wanda muke kira motopomp, ina sayen zuwa-zuwa, wato fetur na fasa-ƙwauri, a kwalabe a bakin titi. Da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man nan da ke shigo mana ta kan iyaka ya yi tashin gwauron zabi. Na gidan mai ma bai bar mu ba: gwamnatin Kamaru ta kai litar fetur sefa 730 a Fabrairun 2023, shekara guda bayan haka ta mayar da ita 840. Daga nan ne kowa a lambu ya koma zancen sola, 'yan kasuwa kuma suka cika shaguna da famfuna iri-iri. Na saya, na ƙone ɗaya, na sake saya, shi ya sa nake son ɗan'uwana mai lambu ya ji wannan kafin ya kwance lalitarsa.

Kuskurena na farko shi ne na auna ruwa a Nuwamba. A lokacin damina ba ta daɗe da tafiya ba, rijiya cike take, ko guga ba ya nisa. Wani mai shago ya nuna min famfon nutso mai ƙarfi, irin wanda ake zurawa cikin ruwan rijiya, ya ce zai shayar da hekta guda, na ɗauka. Har Fabrairu lafiya lau. Da bazara ta shigo, ruwan ƙasa ya ja baya, famfon ya riƙa kwashe rijiyar ƙarƙaf cikin rabin awa sannan ya ci gaba da juyawa a bushe. Wata ranar Laraba na iso da hantsi na tarar da kawuna tsugune a bakin rijiya, tiyo a hannunsa babu ko ɗigo.

"Kawu, lafiya kuka zauna haka?"

"Ɗana, injinka ya yi shiru tun ɗazu. Sunkuya ka shaƙa, ƙauri ne ke fitowa."

Albasa na tsakiyar yin kai a makon. Sai da na yi hayar motopomp na kwana goma sha biyu kafin na tsira da ita.

Saboda haka aunawa ce farko, kuma a Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da ruwa ya fi nisa. Sa igiya ka san zurfin daga baki zuwa fuskar ruwa. Sannan ka kwashe rijiyar, ka duba agogo ka ga nawa take dawowa cikin awa ɗaya. Rijiya mai faɗin mita ɗaya, kowace mita ta zurfin ruwanta tana ɗauke da kusan lita 785. In ruwan ya hau rabin mita a awa, ka san abin da take ba ka bai kai lita 400 ba, kuma duk famfon da ya fi haka ja zai bar ta a bushe. In burtsatse ce, wato foraj, nemi masu haƙar su faɗa maka litar da take bayarwa a awa da kuma faɗin bututun, don akwai famfon inci 3 akwai na inci 4.

Sai buƙatar shuka. A tsananin rani kayan lambu na shan kamar milimita 5 zuwa 7 a rana. Milimita ɗaya a kan hekta lita 10,000 ce. Kwatan hekta, wato mita 50 sau 50 da yawancinmu ke nomawa, zai nemi wajen lita 15,000 kullum. Ƙasa mai yashi ta bakin mayo ta fi haka sha, ƙasar laka irin ta karal tana riƙe danshi.

To wane famfo? In ruwanka yana kusa, a kogi kamar Logon ko Binuwai, ko tafkin Maga, ko rijiyar da ba ta wuce mita 6 ko 7 ba, famfon da ake ajiyewa a sama ya ishe ka. Iyakarsa ke nan, domin babu injin da zai tsotso ruwa daga sama da mita 10 ko da sabo ne fil, nauyin iska ne ya ƙayyade haka, a aikace ma daga mita 7 ya fara shan iska. Daɗinsa kana ganinsa da ido, kana iya kwance shi, da yamma ka ɗaure a babur ka tafi da shi gida. Kamfanin Futurepump na cikin masu ƙera irin wannan na sola.

In ruwa ya wuce haka sai famfon nutso, kuma shi ma kashi biyu ne, abin da masu shago ba su cika bayyanawa ba. Akwai mai ƙarfe murɗaɗɗe da ke juyawa cikin roba yana tura ruwa sama. Wannan yana hawa da ruwa daga zurfi sosai, yana fara aiki tun rana ba ta yi ƙarfi ba, amma ruwansa kaɗan ne, kuma yashi yana cinye robar. Akwai kuma mai fukafukai da ke wulwulawa, wanda ke ba da ruwa mai yawa in zurfin bai yi tsanani ba, sai dai yana son rana sosai kafin ya tashi. Mu da rijiyoyinmu ke cikin yashin mayo, mita 10 zuwa 20, mai fukafukai ya fi dacewa da mu a ganina. Mai burtsatse mai zurfin mita 50 ko fiye, da ɗan ƙaramin fili, ya ɗauki murɗaɗɗen, ya sayi robar canji tun ranar.

Lorentz na Jamus da Grundfos na Denmak sun yi suna, kuɗinsu kuma da nauyi. Na Caina sun cika kasuwa, a cikinsu akwai nagari akwai na banza. Ni abin da nake tambaya yanzu kafin sunan kamfani shi ne: in akwatin da ke sarrafa wutar ya lalace, akwai irinsa a Marwa ko Garwa, ko sai an aika Duwala? Akwai 'yar na'urar da ke kashe famfo in ruwa ya ƙare? Rashinta ce ta ci min famfon farko. Wanda ba shi da ita, ko kyauta ne kar ka jefa shi rijiya.

Lissafin farantin sola ba shi da wuya. Ɗauki kubik na ruwan da kake so a rana, kowane kubik lita 1,000 ne, ka ninka da tsawon da ruwan zai hau tun daga fuskarsa a rijiya har bakin tanki, sannan ka ninka da 2.7. Kubik 15 a tsawon mita 20 ya ba ka 810, wato wutar da ɗaga ruwan ke ci a rana, a ma'aunin wat-awa. Famfo da waya da bututu suna cinye fiye da rabin wutar, don haka ka ɗauka 2,000 kake nema. Raba da awa 5 na cikakkiyar rana, ka sami wat 400. Kar ka tsaya nan. Adadin da aka rubuta a bayan faranti an gwada shi ne a zafin digiri 25, mu kuwa a Afrilu iska kanta tana haura 40, farantin ya fi ta zafi nesa, sai ya rasa wajen kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Ga hazon hunturu da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu. Sayi farantan da jimillarsu ta kai wat 550 ko 600, ka fuskantar da su kudu, ka ɗan karkata su kamar digiri 10 zuwa 15, ka riƙa gogewa da tsumma mai laima da sassafe kafin su ɗauki zafi.

Za a yi ta tallata maka batir, a ce don ka yi ban-ruwa da dare. Ban ba ka shawara ba. Batirin dalma ba ya jure zafinmu, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage masa kusan rabin kwanansa, ga shi shi ne abin da ɓarawo ya fi so. Kuɗin nan ka zuba su a tanki ko ka gina kwandon siminti a wuri mafi tudu a lambun. Rana ta cika maka shi, da la'asar ko da asuba ka buɗe ya gangara da kansa. Tanki a kan ƙafa mai tsawon mita 2 ya isa ya tura ƙaramin tsarin ɗigo-ɗigo.

Shi ɗigo-ɗigon yana rage ɓarnar ruwa ƙwarai, kuma ga tumatir da attarugu da kankana da ake shukawa a layi, babu kamarsa. Amma yana toshewa in babu matata, ɓeraye kuma suna huda tiyon da rani don ƙishirwa. Ga albasa da muke dasawa cunkus a fangali, ni har yanzu malala ruwa nake yi, sai dai na daina barinsa ya bi kwalbatin ƙasa, na sa bututu daga tanki har bakin kowane jerin fangali, abin da yashi ke sha a hanya ya koma wa shuka.

Motopomp ɗinka kuwa kar ka sayar. In lambun ya kai hekta biyu ko uku, ko kana son cika fangali da yawa cikin awa biyu, sola mai wannan ƙarfin kuɗinta sun fi ƙarfin yawancinmu a tashi ɗaya, gara ka fara da kwata ɗaya a sola, sauran a fetur, ka ƙara bayan ka sayar da albasa. Ranakun da hazo ya rufe rana ma shi zai fitar da kai.

Lambun da ke nesa da gari dole a yi masa tunanin sata. Nawa farantan an yi musu walda a jikin firam na ƙarfe, na rubuta sunana da fenti a bayan kowanne, akwatin wutar kuma yana cikin 'yar bukkar da kawu ke kwana. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar famfon da tsawon garanti a rubuce, kuma ka ce mai shagon ya zo ya haɗa ya tayar a gabanka da tsakar rana. Ka kafa durom mai lita 200 a bakin tiyo, ka riƙe agogo, ka ga minti nawa zai cika kafin ka miƙa masa sauran kuɗinsa.