Injin yankan ciyawa CG430 a aikin gayyar maƙabarta: inda ya dace da inda bai dace ba

Duk ƙarshen damina kwamitocin maƙabarta kan rasa yadda za su yi da ƙyasuwa da tafasa da ƙarangiya. Wasu su cinna wuta, wasu su yi feshi. Wuta tana cinye allunan shaida da ƙananan bishiyoyi, feshi kuma yana barin ƙasa tsirara, ruwan farko ya zaizaye kaburbura. Shi ya sa muke ganin injin rataye samfurin CG430, mai ƙarfin kusan 43cc, ya cancanci kuɗin karo-karon jama'a, amma da sharaɗi.

Kamfanoni da dama ke ƙera shi da wannan lambar, don haka ingancin ba ɗaya ba ne. Yana zuwa da kai biyu: wuƙa mai baki uku da kan zaren roba. A hanyoyin da ake bi da makara da gindin katanga ba shi da na biyu, wuƙar tana kwantar da tafasar da ta yi kauri cikin sauƙi. Tumfafiya dai a sare ta da adda, domin injin yana watsa ruwanta, kuma yana illa ga ido.

Yawancin lalacewarsa daga haɗin mai take. Fetur ake gauraya wa man 2T, galibi 25 da 1, wato mililita 40 a kowace lita, sai in takardarsa ta faɗi wani ma'auni. A auna da sirinji, a girgiza a jarka kafin a zuba. In man ya yi kaɗan fistin ya ƙone, in ya yi yawa fulogi ya yi baƙi, injin ya riƙa hayaƙi yana mutuwa. Baƙin man mota ba ya maye gurbin 2T. Soson iska yana toshewa da ƙura da wuri, a wanke shi bayan kowane aiki, ya bushe sarai. Kan giyar da ke riƙe wuƙa yana son giris a kai a kai, kuma nan ne aka fi mantawa. Kafin a ajiye shi a juye tankin, a bar shi ya ci sauran man har ya mutu da kansa, in ba haka ba kabureta ta daskare. Makanikin ƙaramin janareto zai iya gyara shi.

Tsakanin kaburbura kuwa ba wurinsa ba ne. Mai riƙe da shi hankalinsa na kan wuƙa, sai ya taka kabari bai sani ba, wani ma ya rufta da shi. Wuƙar tana fasa tukwanen shaida ta yi jifa da ɓaraguzansu, shi ya sa kowa zai ja baya mita 15. A nan lauje da fartanya sun fi mutunta mamata.

Abin da ya fi damunmu shi ne halittun da suka fake a wurin. Bushiya ba ta gudu in ta ji ƙara, dunƙulewa take yi a cikin ciyawa, wuƙa ta same ta a nan. Hawainiya ba ta da sauri, makwarwa kuma a ƙasa take ƙwai. Mutum biyu su fara wucewa da sanduna suna buɗa ciyawar. A yi yankan farko a tsayin gwiwa, a duba, sannan a sauko zuwa kamar taƙi ɗaya, kada a aske ƙasa. A fara daga tsakiya zuwa gefe don dabba ta sami mafita, a kuma bar wani yanki a kusurwar da babu kaburbura. Tunku da mujiya da ke farauta a nan suna rage ɓerayen da ke haƙa ramuka a gefen kabari.

Kwamitin da zai saya ya haɗa da tabarau, takalmin roba mai tsawo saboda maciji, da fulogi biyu na ajiya, sannan ya damƙa injin a hannun mutum ɗaya ko biyu da aka koya wa, ba duk wanda ya zo gayya ba.