Hattara da mai Lattice mai araha: sati uku ya yi yana yi mana magani a wasa kafin ya cuce mu

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan uwa Hausawa ne mazauna Jidda da Makka da Madina masu buga Marvel Rivals, da iyayen da yaransu ke bugawa. Akwai wani mutum da ke yawo a cikinmu yana cewa yana saka wa mutane Lattice, wato kuɗin cikin wasan, a rabin farashi. Macuci ne. Ya ƙwace asusun PlayStation na ɗan yayata, ya jawo an dakatar da na abokina, kuma na samu labarin yana nan yana neman wata tawagar. Ban sa suna ko lamba ba, domin sunan da ya ba mu ba nasa ba ne, lamba kuwa canza ta yake yi kamar riga. Hanyar da yake bi ita ce ba ta canzawa, ita zan bayyana.

Sai na fara da wasan kansa, don wanda bai san daɗinsa ba zai ɗauka sakarci ne ya sa muka yarda da baƙo. Kamfanin NetEase ya fitar da shi ranar 6 ga Disamba 2024, kyauta, a PlayStation 5 da Xbox da kwamfuta, da jarumai 33. Mutum shida ne ke karawa da mutum shida. Jaruman kashi uku ne: akwai masu tsayawa gaba su zama garkuwa irin su Hulk da Groot da Magneto, akwai maharba irin su Iron Man da Punisher da Spider-Man, sannan akwai masu magani da ke baya suna mayar wa tawaga da jini, irin su Luna Snow da Mantis da Rocket. Abin da ya kama zuciyata tun daren farko shi ne an gina wasan yadda babu gwani shi kaɗai. Wasu jaruman idan suka haɗu a tawaga ɗaya sai wani ƙarfi ya buɗe musu wanda ba su da shi a rarrabe. A zangon farko Rocket kan ɗare kafaɗar Groot yana harbi daga can, Hulk kuma kan ɗauki Wolverine ya wurga shi tsakiyar abokan gaba kamar dutse. Ana sauya waɗannan haɗe-haɗen daga zango zuwa zango, sai tawaga ta sake zama ta yi shawara. Ga gine-ginen filin suna rushewa. Bangon da ka laɓe bayansa yanzu, anjima babu shi.

Mu biyar ne. Ni da abokan aikina biyu a nan Jidda, da wani abokinmu da ke Makka wajen Misfala, da ɗan yayata mai shekara goma sha shida. Ranar Alhamis da dare bayan Isha kowa ya sa abin kunnensa. Wanda ya yini yana tuƙi a cunkoson Jidda, da wanda ya yini a tsaye a shago yana amsa Larabci da Urdu, sai ga su suna ihu da Hausa: "Ku dawo baya! Jeff zai haɗiye mu!" Wanda bai taɓa ganin wannan ɗan kifin ya buɗe baki ya haɗiye mutum huɗu ya faɗa rami da su ba, ba zai gane dariyar da muke yi har maƙwabta su buga bango ba. A ƙasar da ba taka ba, awa biyun nan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalarmu ɗaya ce, kuma duk mai buga wasan ya san ta. Wasan ba ya tilasta wa kowa matsayi, kowa kuma so yake ya zama maharbi. Mai magani wuyar samu gare shi. To wata rana wasa ya haɗa mu da baƙo a matsayin na shida, ya ɗauki Luna Snow, ya riƙe mu da rai a inda da tuni mun zube. Da ya ji muna Hausa sai ya buɗe murya ya ce, "A'a, ashe 'yan gida ne." Wallahi daɗi muka ji. Muka sa shi cikin abokai, muka sa shi a zaurenmu na WhatsApp. Sati uku yana zuwa a kan lokaci, ba ya zagi, ba ya ɗora wa kowa laifi idan an cinye mu. Ni yake kira Yaya, yaron kuma yake ce masa ƙanina. Ya ce a Riyad yake aiki. Babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa, kuma babu wanda ya ga dalilin tambaya.

A sati na uku jaruminsa ya fara shigowa wasan da tufafi masu tsada, yau wannan gobe wancan. Bai yi talla ba, jira ya yi a tambaye shi. Da aka tambaya ya ce yana da hanya, yana sayen Lattice ta kantin wata ƙasa inda farashi ke ƙasa, kuma don mu 'yan uwa ne zai yi mana a rabin kuɗi. Sharaɗi ɗaya: sai ya shiga asusunka da kansa ya saka, minti goma ya fita.

Abokinmu na Makka ya fara gwadawa da riyal 50. Lattice ya shigo, ya sayi kayan Magneto, muka gani da idonmu. Wannan cinikin farko da ya yi kyau shi ne ƙugiyar. Daga nan mutum uku a cikinmu suka tura kuɗi. Akwai abin da na lura da shi a lokacin amma na bar shi ya wuce, kuma shi ya fi damuna yanzu: duk wanda zai tura, wani asusun banki daban ake ba shi, da suna daban. Ya ce na abokan aikinsa ne, nasa yana da matsala.

Ɗan yayata bai gaya mini ba sai da abin ya faru. Ya tura riyal 150 daga kuɗin barka da sallarsa. Ya ba da imel da kalmar sirri. Da lambar tantancewa ta shigo wayarsa, mutumin ya kira shi ya ce ya karanto masa da sauri kafin ta mutu, ya karanto. Wajen ƙarfe ɗayan dare ya buga mini ƙofa, riƙe da abin sarrafa wasan a hannu, bai ma san ya taho da shi ba. Ya ce, "Kawu, ya fitar da ni. Na sa kalmar sirri ta ƙi." Muka koma ɗakinsa. Allon yana nuna wurin shiga kawai. An canza imel ɗin asusun, an canza kalmar sirri, an mayar da tantancewar zuwa wata wayar. Ba Marvel Rivals kaɗai ba, duk wasannin da ya saya cikin shekara uku, har da na ƙwallo da babansa ya saya masa, suna kan wannan asusun. Abin da ya fara roƙona shi ne, "Don Allah kada ka gaya wa Umma."

Da safe saƙo ya zo daga sabuwar lamba: riyal 400 a dawo da asusu. Ba mu biya ba, kuma ina roƙon kowa kada ya biya. Wanda ya riƙe imel ɗin asusunka zai iya karɓar kuɗi ya ba ka kalmar sirri, gobe ya sake ƙwacewa.

Na abokinmu na Makka ya zo daga baya, ta wata fuskar. Bayan kusan sati biyu aka dakatar da asusunsa. Ashe babu wani kantin wata ƙasa. Katin bankin wani bawan Allah da aka sace mutumin ya liƙa a asusun ya yi sayayya da shi. Mai katin ya ga an cire masa kuɗi, ya kai ƙara bankinsa, banki ya janye kuɗin, bashin ya faɗo kan asusun da aka yi cinikin a kansa. Haka tsarin yake: ana rufe asusu har sai an biya abin da aka janye. Ya biya riyal 50 ga ɓarawo, ya zo ya biya cikakken farashi, kuma sunansa ne a jikin cinikin da aka yi da katin sata. A ƙasar nan, ga mai zama da iƙama, wato katin izinin zama, wannan ba abin wasa ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya so yi wa ɗaya daga abokan aikina. Ya ce masa akwai gasar Hausawan Saudiyya da za a yi, da kyauta mai tsoka, kuma rajista na buƙatar hoton iƙama, sannan wata lamba za ta fito a manhajar Nafath ya danna amincewa. Da yake kowa ya san ana manyan gasannin gem a Riyad tun da aka fara gasar duniya a 2024, maganar ba ta yi kama da ƙarya ba. Allah ya sa ya tsaya ya tambaye ni. Nafath shi ne sa hannunka a wurin hukuma. Wanda ya sa ka danna masa amincewa zai iya buɗe abu da sunanka, kuma ina kyautata zaton waɗancan asusun banki masu sunaye daban-daban da muka riƙa tura wa kuɗi ta irin wannan hanyar aka same su.

Mutumin nan ya san mu sarai. Ya san yaro ba zai gaya wa uwarsa ba, don za a ce dama an hana shi wannan shirme. Ya san babba zai ji kunyar cewa an damfare shi a kan rigar Spider-Man. Ya kuma san da yawa cikinmu ba sa son abin da zai kai su gaban hukuma ko da su aka zalunta. Da wannan shirun yake cin abinci. Iyaye, don Allah idan yaro ya zo muku da irin wannan, ku fara da ceto asusun da katin bankin da ke liƙe a jikinsa, faɗa ya biyo baya.

Kuma a tuna, duk jaruman wasan kyauta ne, har waɗanda ake ƙarawa, kamar Fantastic Four da suka shigo a farkon 2025. Lattice ado kawai yake saye, ba ya ƙara wa kowa ƙarfi ko jini. Wanda ke son adon, ga katin PlayStation nan a Jarir da sauran manyan shaguna. A duba ya zama na kantin Saudiyya idan asusun na Saudiyya ne, ka kankare wurin lambar ka saka da hannunka. Babu cinikin halal da ke buƙatar kalmar sirrinka, balle lambar da ta shigo wayarka. A kunna tantancewa mai mataki biyu, a cire katin banki daga asusun yaro, a adana rasit ɗin sayayya da ke zuwa ta imel.

Wanda abin ya riga ya same shi, ya ɗauki hoton hirar da rasit ɗin tura kuɗi, ya kira bankinsa a ranar, ya shigar da ƙara ta Kollona Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaro, a waya ake yi. Saƙon damfara da ya zo ta tes ana tura shi zuwa 330330. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 2 ga mai karɓar dukiya da yaudara ko sunan ƙarya, dokar zambar kuɗi ta 2021 kuma ta kai shekara 7 da riyal miliyan 5. Mun shigar da tamu.

Asusun yaron ya dawo bayan kwana tara, saboda yayata ta samo tsohon rasit a imel ɗinta kuma muna da lambar jikin na'urar da aka buɗe shi da ita. Riyal 150 ɗin ba su dawo ba. Alhamis ɗin da ta wuce mun buga mu biyar, ni na ɗauki Luna Snow. Idan wani mai magani ya shigo tawagarku yana Hausa, ya ce a Riyad yake, kuma bayan 'yan makonni ya fara zancen kantin wata ƙasa, ku cire shi daga zaurenku a daren, ku sanar da sauran tawagogin da kuka sani.