Hattara da mai tallar talotalon halal a zaurukan WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna New York da kewaye. Na yi kwanaki ina shawarar ko in rubuta wannan ko in haɗiye abina, don da kunya a ce mace ta yi shekara 11 a Bronx sannan a yi mata sakiyar da ba ruwa a kan tsuntsu. To jiya wata baiwar Allah ta turo min sabuwar tallar mutumin da ya damfare ni. Ya canza suna, ya canza lamba, yanzu talotalon Kirsimeti da ragon suna yake sayarwa. Amma muryar tasa ce, ko daga barci na farka zan gane ta.

Ranar Godiya, wato Thanksgiving, ba idinmu ba ce, kowa ya sani. Sai dai Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar da maigida ba ya aiki, yara ba makaranta, maƙwabta kowa na gida. Yaran da aka haifa a nan kuwa ba su da zance sai talotalo, irin wanda 'yan ajinsu ke ba su labari. Na manyan kantuna araha ne, wani lokaci ma kyauta ake haɗa wa mutum idan ya yi sayayya da yawa, amma ba yankan Musulmi ba ne. Na halal kuma sai an yi oda da wuri. A wannan 'yar ƙofar mutumin ya shigo.

Farkon watan Nuwamba aka saka tallarsa a zauren matan unguwarmu, wai daga wani shafin Facebook aka kwaso. Na tura masa saƙo, ya amsa da murya, Hausa tsab, da sallama da tambayar iyali. "Hajiya, gonarmu tana Pennsylvania, ni da kaina nake yankawa da hannu, a fuskanci alƙibla, babu inji." Ya turo hoton garken fararen talotalo da wata takarda mai tambari wai shaidar halal. Kuɗi dala 5 kowace laba. Mai laba 16, kusan kilo 7 ke nan, ya kama dala 80, a ba da rabi kafin alƙalami. Na ce guda biyu nake so, na tura dala 80 ta Zelle, hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki ta waya.

Maigida ya ce, "Me ya hana mu je kasuwar kaji masu rai kamar bara, mu nuna wanda muke so a yanka a gabanmu?" Na kai wa mutumin wannan magana, ashe ya tanadi amsa. Ya ce ko na manta a watan Fabrairun 2025 gwamnar jihar New York Kathy Hochul ta sa an rufe kasuwannin nan na mako guda saboda murar tsuntsaye? An kuwa rufe ɗin, ba ƙarya ya yi ba. Abin da bai faɗa ba shi ne an wanke su, an duba, an buɗe tuntuni. Ya ɗauko gaskiya guda ya jingina ƙaryarsa a jikinta, ni kuma na koma ina yi wa maigida wa'azin lafiyar yara.

Ku lura da yadda ya tsara lokaci, don a nan gwanintarsa take. Ɗanyen talotalo wanda bai shiga firiza ba, kwana ɗaya ko biyu kawai ake so ya yi a firij kafin a gasa. Saboda haka da ya ce sai Talatar makon Ranar Godiya zai kawo, babu wanda ya ga abin zargi, hasali ma alamar sanin aiki ce. Ya riƙe kuɗinmu mako uku ba mai tambayarsa komai. Kuma ya san duk wadda ta jira har Talata ta riga ta makara neman wani wuri.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗina ba ne. Bayan na biya sai ya ce idan na kawo masa mutum biyar zai yafe min cikon guda ɗaya. Ni da bakina na shiga zaure na ce na yi magana da shi, mutumin kirki ne, ɗan gida ne. Daga baya na ji duk wadda ta yi jinkiri sai ya tura mata hoton rasit ɗina, ya ce ga Hajiya ma ta biya. Mata tara suka tura kuɗi, yawancinsu ba don sun san shi ba, don sun san ni.

Talata da azahar ya kira, muryarsa a raunane. Wai motar sanyi ta lalace a hanya, ya samu wata, amma masu ita sun ce sai kowane mai kaya ya ajiye dala 35 na inshora, za a mayar a bakin ƙofa. A nan ya kamata in farga, don babu mai gonar da ke ɗora wa mai saye gyaran motarsa. Amma na riga na gayyaci mutum 14, na sayi dankali da kabewa da kayan ƙamshi. Na tura. Laraba da safe hotonsa ya ɓace daga WhatsApp, saƙo ya daina shiga, shafin Facebook ɗin ma babu shi.

'Yata mai shekara 15 ce ta ƙarasa min kunyar. Ta ɗauki hoton garken ta saka a Google Lens, cikin minti ɗaya ya fito a shafukan sayar da hotuna. Adireshin gonar kuma da ta duba a taswira, wurin hayar ɗakunan ajiyar kaya ne. Takardar halal ɗin da muka buɗe ta sosai, babu sunan wata hukuma a kai, tambari ne kawai da rubutun Larabci. Masu ba da shaida na gaskiya irin su IFANCA suna da suna da ofis, kuma ana iya bincika kamfanonin da suka tantance. Haka naman tsuntsun da ya bi ta mayankar da gwamnatin tarayya ke dubawa yana ɗauke da tambarin USDA, wato ma'aikatar noma ta Amurka, da lamba mai farawa da harafin P. Gaskiya doka ta sassauta wa ƙananan gonaki, don haka rashin tambarin shi kaɗai ba ya nufin damfara. Amma ƙaramar gona tana da ƙofa, kuma mai ita ba zai ƙi ki zo ki ɗauki kayanki ki biya a hannu ba. Ni da na ce za mu zo da kanmu, cewa ya yi an hana baƙi shiga saboda cuta.

Na kira bankina. Suka ce tunda ni na tura da hannuna, ba satar asusu aka yi min ba. Sun karɓi ƙorafi, ba su yi alƙawarin komai ba. Zelle dama kamar miƙa tsabar kuɗi ne, idan ya shiga asusun wancan ya shiga, kuma su da kansu suna gargaɗin a tura wa wanda aka sani kawai. Na sha ganin gargaɗin a waya ina dannawa in wuce.

Daren Laraba maigida ya zaga shagunan nama har ya samo na halal mai laba 14, daskararre kamar dutse. A firij, kowace laba 4 zuwa 5 kwana guda take ci kafin ta saki, mu kuwa ba mu da kwana uku. Sai muka bi ta ruwan sanyi: a nutsa shi da ledarsa, a riƙa canza ruwan duk bayan rabin awa, kowace laba minti 30. Awa bakwai ke nan. Ni da agogo muka kwana a kicin, shi kuwa bai ce min "ai na faɗa miki" ba ko sau ɗaya, wanda ya fi faɗan ciwo.

Mun kai ƙara shafin hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye, da kuma IC3, sashen FBI mai karɓar ƙorafin damfarar intanet. Duk wadda ta tura masa kuɗi, ko da sabon sunan ne, kada ta goge hirarsu. Ta ajiye saƙonnin murya da rasit, musamman sunan da ya fito a asusun da ya karɓi kuɗin, don mun lura sunaye uku daban-daban ya yi amfani da su kuma babu wanda ya yi kama da sunan da ya gaya mana. Ta same ni a zaure mu haɗa.

Cikin matan tara akwai wata tsohuwa da ke rainon jikoki, dala 75 ɗinta ta tafi. Ranar Asabar na kai mata a ambulan. Ta ƙi karɓa har sai da na ajiye a kan firij na fito.