Naira 685,000 ya ci min a kan Fijon marigayi Baba: 'yan Gombe ku kiyayi mai "lambar motocin tarihi"

Kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba. Na rubuta wannan abu na goge ya fi sau huɗu, don kunya nake ji, amma jiya na ji labarin mutumin nan ya fara zagaya wani dattijo mai tsohuwar Marsandi a wajen Tumfure, sai na ga shiruna ya zama zalunci. Naira 685,000 ya karɓa a hannuna. Dubu ɗari shida da tamanin da biyar, a cikin wata biyu da 'yan kwanaki, kuma har yau ko ƙusar ɗaura lamba ban gani ba.

Motar Peugeot 504 ce, fara, Baba ya saye ta sabuwa a 1979 da bashin mota na ma'aikata, lokacin nan Gombe tana cikin jihar Bauchi. Lambar da ke jikinta ma tsohuwar baƙar lambar Bauchi ce, domin kafin a ƙirƙiri jihar Gombe a 1996 ya riga ya jingine ta a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Jekadafari. Da ya rasu aka zo rabon gado, 'yan'uwa suka bar min ita saboda sun san yadda nake ji da ita. Shekara biyu ina tara kuɗi ina tayar da ita kaɗan-kaɗan: inji, birki, kujeru, fenti. Takardunta kuwa gara ta cinye su a cikin adakar Dada, mahaifiyata, tun da daɗewa, abin da ya saura rabin wani rasit ne da ba a iya karanta shi.

A garejin mai fenti na haɗu da shi. Wannan ranar ce take ta dawo min. Ya shigo da farar shadda da hula zanna, ya zagaya motar sau biyu bai ce komai ba, sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet ya ce, "Alhaji, Allah ya jiƙan mai wannan mota, ya san abu mai kyau." Ban gaya masa Baba ya rasu ba. Wallahi ban gaya masa ba. Daga baya ne na gane yaran gareji ya tambaya kafin ya ƙaraso wurina. Ya leƙa ciki ya ga giyar a jikin sitiyari ya yi murmushi, ya buɗe bonet ya kai yatsansa kan lambar shasi kai tsaye, ba lalube. Aka kira Azahar muka yi sahu ɗaya, kafaɗarsa na gogar tawa. Ku gaya min, wa zai ga wannan ya ce ɓarawo ne?

Bayan sallah ya tambaye ni ya zan yi da lamba. Na ce shi ne abin da ke damuna. Ya ce ai na yi sa'a, yanzu gwamnati ta fito da rajista ta musamman ta motocin tarihi, irin ta Ingila, duk motar da ta haura shekara 40 a ba ta lamba ta daban, an gama, ba sabunta lasin, ba biyan komai har abada. Kuma ni ba haka kawai na haɗiye ba, a daren na shiga intanet na duba. Gaskiya ne a Ingila motar da ta wuce shekara 40 ana iya yi mata rajistar motar tarihi, a ɗauke mata harajin hanya, a ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Na gani da idona. Abin da ban tsaya na nema ba shi ne ko an yi haka a Najeriya. Ya ɗauko gaskiyar wata ƙasa ya naɗe ƙaryarsa a ciki ya miƙo min.

Dubu 220 na fara tura masa, kuɗin lambar tarihi. A'a, tukuna, dubu 300 na diyuti ne farko, na lambar ya biyo baya da mako guda, alat ɗin duk suna wayata da kwanan wata, zan sa hotunansu. Dubu 300 ɗin nan su suka fi ci min rai. Ya ce tunda ba ni da takardar kwastan, duk ranar da na hau hanyar Bauchi ko ta Yola za a kama motar a matsayin ta fasa-ƙwauri, don doka ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa tun Janairun 2017, kuma tsohuwar mota mai shekaru irin nata tana cikin jerin abin da aka hana shigowa da shi. Ya tuna min damar kwana 90 da Kwastan ta buɗe a Maris ɗin 2024 don masu motocin da ba a biya musu diyuti ba su je su gyara, ya ce ta wuce amma yana da hanyar da za a cusa tawa a baya-baya. Duk waɗannan dokoki akwai su, na ji su a rediyo kamar kowa. Shi ya sa na tura.

Diyutin me? Wannan tambayar Bappana ne ya yi min, tsohon direban gwamnati, ranar da na kai masa motar ya gani ina ta murna. Na ce masa, "Bappa, saura kaɗan, diyuti ma na biya." Ya ajiye butarsa ya ce, "Diyutin me, ɗana? Motar da aka harhaɗa a Kakuri? Ni na raka mahaifinka muka ɗauko ta." Jikina ya mutu. Kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna tun 1975 ya fara harhaɗa motoci a ƙasar nan, 504 ɗin da muka taso muna gani a matsayin motar gwamnati da tasi can aka yi mafi yawansu, na san wannan tun ina firamare. Motar da ba ta taɓa tsallako iyaka ba, ba ta taɓa hawa jirgin ruwa a matsayin mota ba, na biya mata dubu 300 na shigowa ƙasa. Na sani, amma ya cika min kunne da maganar kamu har sanin ya gudu daga kaina. Duk wanda ya kashe shekara biyu yana gyara abin da ubansa ya bari, aka ce masa za a ɗauke a kai wani fili rana da ruwa su cinye, ya san irin tsoron da nake faɗa.

Sai kuma dubu 150. Wannan kafin zuwana wurin Bappa ne. Ya kira ni da daddare, muryarsa kamar mai jaje, wai an samu matsala: kwamfutar rajista ba ta karɓar lambar shasin da ba ta kai harafi da lamba 17 ba, tawa kuwa gajera ce. Na fita da tocila na ƙirga, gajera ce kuwa, domin tsarin 17 ɗin daga 1981 ya kankama, motar ta girme shi. Ya ce sai an biya wani a Abuja ya shigar da hannu. Na ce, "Yallaɓai, abin fa yana yawa." Ya ce, "Haba Alhaji, ni da na yi sallah da kai zan cuce ka? Don marigayi nake wannan wahalar." Don marigayi. Sunan mahaifina ya riƙa sakawa a gaba duk lokacin da zai miƙo hannu.

Na ƙarshe dubu 15 na inshora. A nan ma ya faɗi daidai, tun Janairun 2023 kuɗin ƙaramar inshorar mota ya tashi daga dubu 5 zuwa dubu 15, don haka ban yi gardama ba. Ya kawo min takarda mai sheƙi a cikin leda, da wata mai tambari da aka rubuta shaidar motar tarihi. Ku haɗa: 300, da 220, da 150, da 15. Naira 685,000. Dubu 200 daga ciki Addata ce ta ranta min daga kuɗin adashenta, har yanzu ban iya kallon idonta na gaya mata ba.

Washegarin maganar Bappa na tafi ofishin lasin da ƙafata, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Ma'aikacin da na samu mutumin kirki ne, ya juya takardar gaba da baya ya ce su ba su da wani aji na motar tarihi a teburinsu, mota mota ce, ta 1979 da ta bara layi ɗaya suke bi. Ya duba inshorar a manhajar NIID, wadda ake tantance inshorar mota ta gaske da ita, babu ita. Ya zayyana min abin da ake nema a irin halina: takardar kotu ta rabon gado da ke nuna motar ta zama tawa, rantsuwar kotu kan ɓatan takardu, rahoton 'yan sanda, a kawo motar jami'an duba lafiyar mota, wato VIO, su duba ta su ɗauki lambar shasi da ta inji, a biya kuɗin sabuwar lamba ta asusun gwamnati a karɓi rasit, sannan lasin da shaidar lafiyar mota da inshora a riƙa sabunta su duk shekara, har da naira 1,000 ta shaidar mallaka da aka fara karɓa a 2023. Da ya yi min lissafi a bakin takarda, bai kai rabin abin da na zubar ba. Na fito na zauna a kan benci na kusa awa guda.

Daga kan bencin na kira shi. Ya ɗauka, ya ce yana Kano wajen ta'aziyya, Litinin zai kawo lamba. Litinin wayar a kashe. Asusun da na riƙa tura kuɗin ma ba sunan da ya gaya min ba ne a kai, na lura tun tiransfa ta farko, na tambaya, ya ce na yaron ofishinsu ne. Na tambaya fa, kada wani ya zo yana ce min ban yi bincike ba. Mai fenti ya rantse bai san shi ba, sau biyu kawai ya taɓa ganinsa yana zagaya tsofaffin motoci. Na kai ƙara, an ce kada in saki suna da hotonsa tukuna, shi ya sa ba ku gan su a nan ba, amma hirarmu ta WhatsApp da saƙonnin muryarsa da takardun bogin duk na adana, zan sa su da zarar an ba ni dama.

Mai tsohuwar Fijo ko Marsandi ko Bitil a Gombe da Bauchi: babu lambar tarihi, kada ka biya diyuti kan motar Kaduna, kada ka tura kuɗi asusun mutum, je ofishin lasin da kanka.

Motar tana nan ƙarƙashin rumfar da Baba ya bar ta, da sabon fenti da tsohuwar baƙar lambarta. Ɗazu Dada ta sake tambayata yaushe zan kai ta Kumo a ciki kamar yadda na yi mata alkawari, na ce mata, "Dada, sai an ɗan ƙara haƙuri." Dubu 685, kuma ya dafa motar da hannunsa ya yi wa mahaifina addu'a.