Shekara ɗaya da rabi ina kai 'yata reno a coci a Bronx da ke birnin Niyok, ga abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Tun kwanaki ake tare ni bayan sallar Juma'a ana tambaya wai da gaske ne coci nake kai auta reno, wata ma har da riƙe baki kamar na ce mata na yi ridda. Eh da gaske ne. Shekara ɗaya da rabi kenan, a nan kuma nake karɓar kayan abinci sau biyu a wata, kuma su suka tsaya mana lokacin da masu ginin da muke haya suka maka mu a kotu. To bari in zazzage komai sau ɗaya in huta da maimaici. Ba zan kama sunan wurin ba don akwai ƙorafi a cikin maganata kuma mutanen sun yi min alheri, wadda take so ta neme ni in raka ta.

Ni ma ba da son raina na fara zuwa ba. Baban yara ne ya zame a ƙanƙara da sanyi ya karye a ƙafa, wata huɗu yana kwance babu tuƙi babu komai, ni kuma aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi, da awa ake biya, ranar da ba ki je ba babu ko sisi. Manyan biyu suna makaranta, auta ce matsalar, lokacin shekararta biyu, ba ta kai shiga 3-K ɗin da birni ke yi kyauta wa 'yan shekara uku ba, babanta kuma ko banɗaki sai da sanda balle ya bi yarinya mai ƙiriniya. Matar da na fara tambaya a unguwa ta ce dala 250 duk sati, na yi lissafi na ga kusan aikin banza zan riƙa yi. Wata maƙociyata 'yar zangon Kumasi, Yaya nake ce mata don ta girme ni sosai, ita ta ce ke tashi mu je, yunwa ba ta san liman ba ba ta san fasto ba.

Renon shi ne abin da ya fi burge ni, a nan zan daɗe. Ɗakunan a ƙasan ginin cocin suke amma da ƙofarsu daban ta gefen titi, ba sai kin ratsa wurin ibadarsu ba. Tsaf-tsaf, ba wari, kowane yaro da ɗan gadonsa na barcin rana da akwatin ajiye kayansa. Kuɗin da suke karɓa gwargwadon abin da kike samu ne, sun duba takardun albashina suka yanke min abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba, daga baya kuma suka cika min fom na tallafin reno na birni ya ƙara sauka. A ranar farko na ce wa shugabar wurin, wata dattijuwa 'yar Jamhuriyar Dominika da kowa ke ce wa Mama, cewa mu Musulmi ne, ba alade, ba alewar da ake sa gelatin a ciki, kuma ba na so a koya mata addu'arsu. Ko gezau ba ta yi ba, ta ɗauko jan biro ta rubuta a takardar yarinyar ta manna a bangon kicin kusa da na yaran da gyaɗa ke tayar wa da ciwo. Wallahi har yau ban kama su sun saɓa ba. Ranar da ake ba yara tsiren alade ita kaza ake ba ta ko ƙwai.

Sau ɗaya ne kawai raina ya ɓaci, a Disamba, ta dawo gida tana rera waƙar Kirsimeti tana rawa, babanta ya ɗaure fuska har dare. Na je na yi magana, suka ce waƙar ƙanƙara ce da ƙararrawa ba ta ibada ba, na ce na ji amma ni dai a sanar da ni tukuna. Tun daga nan suna turo min saƙo kafin kowane biki. Da ƙaramar sallah ta zo kuma wata malamarsu ta tambaye ni yadda ake gaisuwar, ta rubuta Barka da Sallah a allo da kuskure biyu, na gyara mata muna dariya. Yanzu auta tana haɗa Hausa da Turanci da Sifaniyanci a jimla ɗaya, ruwa ma agua take ce masa, kakarta in sun yi waya sai ta ce wannan 'ya kun sayar da ita.

Inda suke ba ni haushi a renon shi ne lokaci. Ƙarfe 6 na yamma cif suke rufewa, kin makara da minti goma akwai tara, alhali kowa ya san yadda jirgin ƙasa ke tsayawa a tsakiyar hanya ba dalili. Kuma satin Kirsimeti zuwa sabuwar shekara a rufe suke gaba ɗaya, tsofaffin da nake kula da su kuwa ba su san hutu ba. Wayar ofishinsu kuma ki ɗauka ado ce, ki kira sau goma ba mai ɗagawa, gara ki taka da ƙafarki.

Sai abinci. Ba irin wanda ake ƙulla miki leda a miƙo ba ne, tsarin kanti suka yi, a ba ki kwando ki zaga ki zaɓa gwargwadon yawan mutanen gidanki, wannan kaɗai ya rage min rabin kunyar. Shinkafa, taliya, wake busasshe da na gwangwani, mai, madara, ƙwai wani lokaci, albasa da dankali da kabeji da motar ƙungiyar agajin abinci ta City Harvest ke saukewa. Garin masara da mutane ke wucewa ba sa ɗauka ni nake kwashewa, tuwo yake yi lafiya lau in kin iya talge. Markaɗaɗɗiyar gyaɗar da suke shafa wa burodi kuwa miya nake yi da ita, ki dai duba ki ɗauki wadda ba sukari in ba haka ba ki sha miyar gyaɗa mai zaƙi kamar kunu, ni ta faru da ni. Daga Oktoba zuwa Nuwamba kabewa har ta ishe ki, taushe muke ta sha. Amma ki buɗe ido kan gwangwani, akwai wake da suke dafawa da alade kuma hoton jikinsa kusan iri ɗaya ne da na lafiya, kullum sai na sa babban ɗana ya karanta min. Talotalon da suke rabawa a Nuwamba kuwa na san akwai masu ci suna kafa hujja da aya ta 5 a Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi, ban ce sun yi laifi ba, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, nakan karɓa in ba maƙocinmu na sama. Naman halal ba sa kawowa sai jefi-jefi.

Layin ne azaba. A waje ake tsayawa, cikin sanyin Janairu, awa ɗaya har da rabi, ga ginin coci fanko mai ɗumi a gefe. Na faɗa musu, sun ce ana dubawa, har yau ana dubawa. Akwai kuma ranar da wani saurayi ya zo da kyamara wai hoton da za a nuna wa masu ba da gudummawa, na ja mayafina na ce a'a, bai matsa ba amma ya kamata a tambaya tun kafin a ɗaga kyamarar. Hoton nan in ya isa Kano kafin in isa gida fa?

Abin da mutane suka fi tsoro, babu wanda ya taɓa cewa sai na zauna wa'azi kafin a ba ni abinci. Akwai teburi da littattafansu a bakin ƙofa, in kin so ki ɗauka in ba ki so ki wuce. Daga baya na fahimci ba kirkinsu kaɗai ba ne, ƙa'ida ce ma, duk ƙungiyar addini da ke raba abincin gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da ikon tilasta wa mutum shiga ibada kafin ta ba shi. Kafin in fara zuwa ma sai da na tambayi malaminmu, ya ce Hajiya, Manzon Allah SAW ya rasu sulkensa na jingine a hannun Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa, kuma sahabbai wurin sarki Kirista suka yi hijira a Habasha, ki je ki ciyar da 'ya'yanki ki riƙe addininki.

Maganar gida kuwa kar wadda ta je da tunanin za a miƙa mata makulli. Ba su da gidajen rabawa, 'yan ɗakuna ne kaɗan na mata masu gudun duka kuma kullum a cike. Abin da suke da shi shi ne mutumin da ya san takarda, kuma a garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da sammacin kotu ya zo, haya ta taru mana wata uku, ni har na fara ɗaure kaya. Ma'aikaciyarsu ta zaunar da ni ta ce kar ki kuskura ki fita, takarda ba kora ba ce, alƙali ne kaɗai ke iya fitar da ke. Ita ta gaya min tun 2017 birnin Niyok ya yi dokar ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta a shari'ar tashi daga haya, shi ne birni na farko a Amurka da ya yi haka, ni shekarata nawa a nan ban taɓa ji ba. Ta haɗa mu da lauya, ta cika mana neman agajin gaggawa da ake kira One Shot Deal, ta kuma gargaɗe ni cewa wani lokaci ana biyan kuɗin daga baya don kar in ɗauka kyauta ce zalla. Cocin da kansu suka cike ɗan abin da ya rage, kai tsaye suka biya masu ginin ba ta hannuna ba. Ita ce kuma ta ce in duba WIC, tallafin abinci na gwamnati ga mata da ƙananan yara, tunda auta ba ta kai shekara 5 ba, ta koya min kiran 311, lambar kai ƙorafi ta birni, in an kashe mana ɗumama ɗaki tsakanin 1 ga Oktoba da 31 ga Mayu. Da aka buɗe rajistar Section 8, tallafin kuɗin haya na gwamnati, a watan Yunin 2024, karo na farko tun 2009, a kwamfutarsu muka cika, mutum sama da dubu 600 suka nema aka ɗebi dubu 200 da ƙuri'a zuwa layin jira, namu bai fito ba, wannan ba laifinsu ba ne.

Laifinsu shi ne ma'aikatan ba sa daɗewa. Sau uku ana canza min mai riƙe da fayil ɗina, kowacce ta zo sai na sake ba da labarin karayar ƙafar nan daga farko, na sake kawo takardar haihuwar yara, har na haddace.

Abin da ke ci min rai kuma ba su ba ne, mu ne. A masallatanmu na unguwa ana fitar da zakka, ana rabon shinkafa da azumi, Allah ya saka, amma yunwa ba a Ramadan kaɗai take ba, kuma kafin ki sauko daga bene an san mijin wance ya kasa biyan haya. A cocin nan shekara ɗaya da rabi ban ji maganata a bakin kowa ba. Ba wai Musulmi ba sa yi ba, ƙungiyar agaji ta ICNA Relief suna da wuraren rabon abinci da gidajen saukar mata, sai dai reno daga safe zuwa yamma mai rangwame kusa da mu ni ban samu ba, kuma shi ne abin da ke sa mace ta iya fita aiki.

In maki ne, reno tara cikin goma, taimakon takardun gida takwas, abinci bakwai saboda layin nan. In za ki je ki tafi da katin shaidarki, wasiƙa mai adireshinki, da keken cefane don kayan da nauyi, ki sa safa biyu. A Satumba auta za ta koma makarantar gwamnati, Mama ta riga ta ce sai na kawo mata miyar taushen da na daɗe ina yi mata alkawari, ta ce ba yaji, ban san yadda za a yi wannan ba.